Makarantar da Inna Ta Rantse Ba Za Mu Shiga Ba

A Damasak aka haife ni, hedikwatar ƙaramar hukumar Mobbar a arewacin Borno, garin da kogin Komadugu Yobe ya ratsa tsakaninsa da Nijar. Mahaifinmu Bahaɗeje ne, fataucin tattasai ya kai shi can tun yana saurayi, ya yi aure, ya zauna cikin Barebari har yarensu ya zauna a bakinsa. Mu biyu ne a ɗakin Inna, ni da ƙanena da muke kira Auta. Shekarata 12 ina aji biyar na firamare, shi kuma yana da 7, lokacin da zamanmu a garin ya ƙare.

Ranar Litinin ce, 24 ga Nuwamba 2014. Auta ya kwana da zazzaɓi, Inna ta ce kada in je makaranta, in zauna da shi ta je ta karɓo magani. Baba ya riga ya fita kasuwa. Ba ta yi nisa ba harbi ya tashi. Ta dawo a guje ba takalmi, ta goya Auta, ta kama hannuna, muka bi jama'a zuwa bakin kogi. A wannan watan ruwa a cike yake. Wani masunci da har yau ba mu san sunansa ba ya cusa mu cikin kwalekwalensa. Waɗanda ba su samu wuri ba suka faɗa ruwa, masu iya iyo da waɗanda ba su iya ba, kuma ba duka suka kai gaɓa ba. Auta yana bayan Inna, idonsa biyu. Iyakar abin da zan faɗa game da kogin ke nan. Baba kuwa, sai bayan makonni wani maƙwabcinmu ya iso ya yi wa Inna gaisuwa. Ba mu ga gawarsa ba, ba mu san kabarinsa ba. Allah Ya jiƙansa da rahama.

Yaran da suka je makaranta a ranar fa? 'Yan Boko Haram sun mamaye firamaren Zanna Mobarti, suka rufe ƙofa da ɗalibai sama da 300 a ciki, suka mai da ita sansaninsu. Watanni suna tsare da su. A watan Maris na 2015, da sojojin Chadi da Nijar suka tunkaro garin, sai suka kwashi yaran, haɗe da wasu mata, suka shige daji da su. Ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta tattara labarin daga bakin iyaye ta fitar a 2016. Duniya ta san 'yan matan Chibok 276 da aka sace a Afrilun 2014, kuma sun cancanci a san su, amma yaran Damasak sun fi su yawa, kuma kaɗan ne suka taɓa jin labarinsu. Akwai waɗanda muka yi gaɗa da 'yar carafke tare a cikinsu.

A Gagamari, wani ƙauye a ɓangaren Nijar, muka fara zama, a gindin bishiya, an ɗaura zannuwa an yi rumfa. A ƙarshen Disamban 2014 aka buɗe sansanin Sayam Forage, can arewa da Diffa, nesa da kan iyaka, a farkon sabuwar shekara aka ɗebe mu a mota zuwa can. Mutane da yawa sun ƙi zuwa saboda an yi nisa da kogi, inda nomansu da kamun kifinsu suke. Wurin rairayi ne da ƙaya da iska. An ba mu tanti da bargo da tukunya da katin karɓar abinci. Ba zan taɓa raina wannan taimako ba, shi ya riƙe mana rai.

Amma yini a sansani ba kai ba gindi. Ka tashi, ka bi layin ruwa, ka dawo, ka zauna. Ba Litinin ba Alhamis, Juma'a kaɗai muke ganewa idan maza suka sa riga suka nufi masallaci. Wanda bai yi irin wannan zama ba zai ɗauka hutu ne. A zaman nan ne abin da ka gudo ka bari yake samun ka.

Auta ya daina magana. Ba kurma ya zama ba, yana ji, in an aike shi ya je ya dawo, amma baki ya rufe ruf. Fitsarin kwance da ya bari tun yana da shekara huɗu ya dawo. In babbar mota ta doso da ƙara, sai ya shige ƙarƙashin tabarma jikinsa na ɓari, sai an yi da gaske a fito da shi. Ni kuwa barci ne ya ƙaurace mini. Da na rufe ido sai ruwa. Gabana ya yi ta faɗuwa ba dalili, abinci ya fita kaina. Abin da ya fi cin raina, wanda ban iya faɗa wa kowa ba, shi ne tambayar da nake yi wa kaina dare da rana: me na fi ƙawayena da shi da zazzaɓin Auta zai tsare ni a gida, su kuma a tafi da su?

Matan layinmu suka ce iska ce ta shafi Auta a kogi. An yi masa rubutu ya sha, an yi tofi, an yi hayaƙi. Ban raina ko ɗaya ba, addu'a ce ta tsayar da Inna da ƙafafunta a wannan shekarar. Sai dai ba Auta kaɗai ba ne. Wannan tanti akwai mai firgita cikin dare, wancan akwai yaron da ya zama mafaɗaci ba ya yini bai fasa wa wani baki ba, na gaba akwai yarinyar da ba ta yarda uwarta ta je ko bayan gida ba tare da ita ba. Shekaru bayan haka na ji Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2019 cewa a wuraren da yaƙi ya shafa, mutum ɗaya cikin biyar yana fama da ciwon damuwa ko fargaba ko wata lalurar ƙwaƙwalwa. Da na ji, sai na riƙa bin tantunan layinmu ɗaya bayan ɗaya a zuciyata ina ƙirgawa.

Da aka fara zagayen rubuta sunayen yara don karatu, Inna ta miƙe tsaye ta ce ta rantse da Allah ba ɗanta da zai ƙara taka makarantar boko, can aka tara 'ya'yan mutane aka kwashe. Ba wanda ya ga laifinta. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Ga shi kuma a Nijar ɗin ma ba a tsira ba: a watan Fabrairun 2015 an kai hari Bosso da Diffa, gwamnati ta sa dokar ta-ɓaci, aka hana hawa babur, kafin shekara ta ƙare makarantu sama da 150 na yankin sun rufe saboda tsoro. Duk wannan yana zuwa kunnenta.

Wani malami ne ya karya lagon rantsuwar. Ɗan gudun hijira ne irinmu, a can gida koyarwa yake yi, a sansani kuma yana taimaka wa malamin Nijar da tafinta. Ya yi sallama da la'asar, ya zauna a kan rairayi daga waje.

"Maman Auta, ban zo in ce tsoronki ba gaskiya ba ne. Akwai yaran da na koyar da hannuna cikin waɗanda aka tafi da su."

"To Malam, me kake nema da biyun da Allah Ya bar mini?"

"Ki kawo su da kanki. Ki zauna a bakin ajin ki ga abin da ake yi. Ranar da hankalinki bai kwanta ba, ki kama hannunsu ku tafi, ba mai tare ki."

"Na riga na rantse, Malam."

"Rantsuwa tana da kaffara. Yaron nan kuwa in aka bar shi a haka, ban san inda zai tsaya ba."

Bai ƙara da komai ba, ya yi mana addu'a ya tashi. Inna ta yi kwanaki ba ta tada zancen ba, sannan ta je wajen liman. Ba ta da halin ciyar da miskinai goma, ita kanta a kati take ci, don haka ta yi azumin kwana uku. Ran da ta kai na ƙarshe, washegari ta wanke mana kaya ta sa mu a gaba. Watanni ta yi tana zama a inuwar ajin da ɗinkin hularta a hannu, ba ita kaɗai ba, iyaye mata sun kai a ƙirga.

Ajin babban farin tanti ne, da tabarmi da allo a jingine. An ba kowa shuɗiyar jakar UNICEF da littafin rubutu da ƙaramin allo da alli. Ranar farko malamin Nijar, wanda muke kira Mushe yadda yaran can suke yi, ya buga wani tsohon ƙarfen tayar mota da aka rataye a matsayin ƙararrawa. Kafin ƙarar ta mutu rabin aji ya watse, wasu sun kwanta rub da ciki, wasu sun nufi daji, Auta ya ƙanƙame ni yana numfashi sama-sama. Mushe ya tsaya da ƙarfen a hannu, idonsa ya kawo ruwa. Da yamma ya sa aka sauke shi. Daga ranar, tafi yake yi a hankali yana rera wata 'yar waƙa, mu amsa mu shiga layi.

Kiran suna ne ya fara taɓa ni. Kusan shekara guda mu lamba ne a kati, gida mai mutum uku. A aji kuwa kowace safiya sai an kira sunana haɗe da na mahaifina, da ƙarfi, a gaban mutane, in ce "firezan", wato ga ni. A tantinmu ba a ambaton Baba, don da an ambace shi Inna za ta juya baya ta yi shiru. Nan kuwa kullum sai na ji sunansa, ba cikin kuka ba, ba cikin ta'aziyya ba. Da farko maƙogwarona yakan toshe. A hankali na zama ina jiran a zo kaina. Kuma in yaro bai zo ba, ba a wucewa haka nan, Mushe zai tambayi maƙwabtansa, in ya kwana biyu Malam ya taka har tantinsu. Yaron da ya ga an gudu an bar mutane a baya, ba ƙaramin abu ba ne ya san akwai wanda zai neme shi in ba a gan shi ba.

Da Faransanci ake karatu, mu kuwa Turancin Ingilishi muka fara a gida, saboda haka aka mai da ni baya cikin ƙanana. Abin ya yi mini ciwo, 'yar aji biyar tana koyon a, be, se. Amma sabon yaren ya cika mini kai, ya hana wancan tunanin wurin zama. Da dare in ruwa ya fara zuwa mini, sai in kama haddar lissafi a zuci, bakwai sau shida, bakwai sau bakwai, in yi ta bi har in ɓace. Ga gajiyar wasa da tsalle-tsallen da muke yi a lokacin tara, ga sanin cewa gobe da sassafe ana jira na da aikin gida. Kwanaki suka dawo da sunayensu. Wata safiya Inna ce ta tashe ni da kyar, rana ta fito, ta tsaya tana kallona, don ta san rabona da irin wannan barci tun Damasak.

Na Auta ya fi ɗaukar lokaci. Da yamma akwai wata rumfa ta wasan yara kusa da makarantar, inda wata mata mai ilimin halayyar ɗan Adam take zuwa da takardu da fensira masu launi. Yara da yawa bindigogi suke zanawa, da motoci masu tuta, da gidaje na cin wuta. Auta layi biyu yake ja, ya cika tsakaninsu da shuɗi, sannan ya bi yana ɗiga baƙaƙen ɗigo a ciki. Kullum haka. Matar ba ta taɓa matsa masa ba. Takan zauna kusa da shi ta ce, "Ɗana, in ka ga dama wata rana ka ba ni labarin wannan." Ita ce ta kira Inna gefe ta ce kada a dake shi ko a kunyata shi kan fitsarin kwance, ba ganganci ba ne, tsoro ne bai gama fita jikinsa ba. Ita ce kuma ta koya wa malamai su zaunar da masu firgita kusa da ƙofa, su riƙa faɗa wa yara abin da za a yi kafin a yi shi, kuma in yaro ya rikice a sa shi ya ja numfashi a hankali yana ƙirgawa.

Maganarsa ta farko ba a rumfar ta fito ba, a aji ne. Yaron da ke kusa da shi ya ɗauke masa alli, sai kawai aka ji murya a shaƙe ta ce, "Nawa ne!" Mushe ya yi kamar bai ji ba, ya ci gaba da rubutu a allo, don kada a zuba wa yaron ido ya koma. Ni ina baya, na cusa fuskata cikin hijabi. Da labari ya kai wa Inna, ta ari mai ta soya ƙosai ta raba wa yaran layi sadaka. Daga kalma ɗaya sai biyu, sai ya fara amsa waƙa, sai ƙwallon tsumma da abokai. Labarin ɗigon nan kuwa sai da ya shekara kafin ya ba matar, kuma ni ma a bakinta na ji.

Kada wani ya ɗauka duk wanda ya riƙe alli magani ne. An taɓa kawo wani malami da ya zo da bulalarsa, yadda aka saba a ko'ina. Ya zane wani yaro a kan makara, yaron da aka kashe yayansa a gabansa. Bai yi kuka ba, ya ɗauki jakarsa ya fita, bai sake dawowa ba. Na san da yawa daga cikinmu da bulala aka raine mu, kuma za a ce ai ba mu lalace ba. Ni dai na ga abin da take yi wa yaron da ya riga ya ga ƙarshen mugunta, kuma ba zan taɓa yarda a ɗaga ta a ajin da nake ba. Akwai kuma waɗanda ciwonsu ya fi ƙarfin aji, sai da aka haɗa da likita da magani, kuma malami nagari shi ne wanda ya gane haka da wuri ya tura su.

'Yan mata su suka fi zubewa a hanya. Ƙawata ta kusa an ɗaura mata aure tana da shekara 14, ba don iyayenta ba sa son ta ba, sai don uban yana ganin ɗakin miji ya fi tanti tsaro, kuma baki ɗaya ya ragu a kan tukunya. Wasu kuma da sun fara al'ada sai su daina zuwa, don ba bayan gida na mata mai ƙofa, ba malama mace da za su faɗa wa. Abin da ƙyauren kwano da sakata za su gyara, shi yake raba yarinya da karatu.

A 2017 wani kawunmu da ya samu wurin zama a cikin garin Diffa ya ɗauke mu. A can na shiga ɗaya daga cikin cibiyoyin da Hukumar Kula da 'Yan Gudun Hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta tallafa aka buɗe, inda yaran Najeriya suke bin manhajar ƙasarsu da Ingilishi har su zana jarrabawar Najeriya. Ranar da na buɗe littafi na ga irin darasin da na baro a Damasak, sai na ji shekaruna biyar na firamare ba su bi ruwa ba. A nan na fara cewa "in na gama", maganar da na manta yadda ake faɗinta. Na gama sakandare. Auta ya zauna a ɓangaren Faransanci, yanzu saurayi ne, surutunsa har sai an ce ya isa. Har yau in aka buga ƙofa da ƙarfi yakan zabura, ni ma in damina ta yi nisa kogi ya cika ba na son zuwa ta wajen gada. Ba mu warke sarai ba, amma muna rayuwa, muna barci.

Mun yi sa'a ne, kuma na san haka. Rahoton Hukumar Kula da 'Yan Gudun Hijira na 2023 ya nuna fiye da rabin yaran 'yan gudun hijira da suka isa shiga makaranta a duniya ba sa zuwa, sun haura miliyan 7. A firamare kashi 65 cikin ɗari ne ke shiga, a sakandare 41, a jami'a 6 kacal. Wato daidai shekarun da yaro ya fara zama mutum, tunani ya yi masa yawa, masu neman yara su ba su ƙwaya ko bindiga suna zagaye, a nan ne ƙofar aji take rufewa.

A Afrilun 2021 aka sake kai wa Damasak hari, dubban mutane suka sake tsallako kogin. Na ga yara sun iso da irin idon da Auta ya iso da shi. Tun lokacin nake taimakawa da koyarwa a wata rumfar zana a unguwarmu, yara sun fi tabarmi yawa. A 2025 da Amurka ta zabtare kuɗin agajin da take bayarwa, hukumomin jinƙai suka rage ma'aikata da ayyuka, kuma abin ya iso har rumfarmu. Ɗan alawus ɗin da ake ba masu koyarwa ya tsaya, biyu daga cikinmu sun koma neman abin da za su ci, mai zuwa duba yaran da ke firgita ta daina zuwa.

Kwanan baya shugabannin unguwa suka tara mu za a rubuta buƙatu a miƙa wa baƙin da za su zo. Aka ce abinci, aka ce ruwa, aka ce tampol da magani. Na ɗaga hannu daga ɓangaren mata na ce a sa kuɗin malamai da mai kula da damuwar yara. Wani dattijo da nake ganin girmansa ya ce, "'Yata, ciki ake fara ji, karatu ya jira a ƙoshi." Na ce, "Gaskiyarka Baba, a fara da abinci. Amma yaran da ke tashin ku da ihu cikin dare, a rumfar nan ake lallaɓa su, kuma ba za su iya jira ba." Inna ce ta miƙe daga bayana, ita da ba ta magana a taro, ta ba su labarin Auta da azuminta na kwana uku. Aka ɗan yi muhawara, sannan mai rubutu ya sa shi na uku, bayan abinci da ruwa.